Auna farfelar gaba da ɗaura ta bayan canza giyabos

A mota mai jan taya huɗu, sabon giyabos ba lallai tsawonsa ya zo ɗaya da tsoho ba, sai akwatin raba ƙarfi (mai raba ƙarfin inji ga tayoyin gaba da na baya) ya matsa, farfelar gaba (sandar da ke kai juyi daga akwatin zuwa aksil ɗin gaba) ta gaza ko ta yi tsawo.

1. Ajiye motar a daɓe shimfiɗaɗɗe marar gangare, tayoyinta a ƙasa. Kada ka auna tana kan jak, aksil ya sauka, awon ƙarya za ka samu.

2. Ja tef daga fuskar faranti (inda ake ɗaure farfela da notuna) na akwatin zuwa na aksil ɗin gaba. Auna sau 2, rubuta da milimita.

3. Kai wa mai tana (mai injin sassaƙa ƙarfe) farfelar da awon, ya gyara tsawonta. Ka ce masa sashen da ke zamewa ya tsaya a tsakiya, don farfela na miƙewa tana tsukewa idan mota ta faɗa rami. Kunnuwan kuros (gaɓar da ke lanƙwasawa a kowane ƙarshen farfela) na gaba da na baya su kalli waje ɗaya, kuma a yi wa farfelar balas, wato a daidaita nauyinta. Nan masu gaggawa ke tafka kuskure, mota ta riƙa karkarwa.

4. Ɗaura, ɗaure notuna, sa giris.

5. Ɗaga motar, juya farfelar da hannu, ka duba ko tana gugar salansa.