Yadda ɗalibin zane a ajin ƙarshe zai kafa ɗakin aikinsa tun kafin ya bar makaranta

A sashen zane irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu a 1958 tun wurin yana kwaleji, malami ne yake ba da aiki ya kuma yanke ranar kawowa. A ajin ƙarshe wannan nauyi yana komawa wuyanka, kuma yadda ka ɗauke shi bana haka za ka ci gaba bayan bautar ƙasa.

Fara da zaɓen jigo ɗaya ƙarami. "Al'adun Hausa" ya yi faɗi. "Hannayen marina a Ƙofar Mata" zai ba ka zane goma ba tare da ka maimaita kanka ba. Yi ƙananan gwaje-gwaje a takarda, kamar talatin, kafin ka taɓa kyanbas, wato yadin da ake zane a kai.

Sannan ka ƙirga kwanaki da baya daga ranar baje koli. Nan mafi yawa suke faɗuwa, domin fentin mai ba ya jin roƙo. Launin ƙasa-ƙasa yakan bushe cikin kwana ɗaya ko biyu, amma farin titaniyom da jan kadmiyom sukan kai kwana biyar ko fiye, mai kauri kuwa makonni. Ajiye buroshi wata guda kafin ranar. Banish na ƙarshe, wato ruwan da ake shafa wa gamammen zane don ya kare shi, yana jiran wata shida aƙalla, don haka a baje koli na wucin gadi kawai za ka shafa.

Wajen ɗaki, guji taga mai kallon gabas ko yamma, haskenta na sauya launi kowace awa. An saba cewa tagar arewa ce ta mai zane, amma a su Zariya da Kano rana tana karkatowa arewa daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta, saboda haka tanadi farin labule mai shara-shara.

Koyi ɗaure kyanbas da kanka, zai rage maka kuɗin aikin. Ka sa kafinta ya feƙe gefen ciki na firam ɗin, kada yadi ya kwanta a kan katako. In ya kwanta, layin katakon zai fito a fuskar zanen. Auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu, in awon bai zo ɗaya ba firam ɗin ya karkace. Wanda ya wuce mita ɗaya a sa masa sanda a tsakiya. Bar rarar yadi santimita 6 zuwa 8 ta kowane gefe. Buga fil ɗaya a tsakiyar gefe, ja ka buga a gefen da ke fuskantarsa, haka sauran biyun, sannan ka riƙa tafiya waje kowane santimita 5, kusurwoyi su zo ƙarshe. Wanda ya gama gefe ɗaya gaba ɗaya kafin ya koma wani zai tarar da yamutsi.

Shafa jeso, wato farin shafin da ake yi wa yadi kafin fenti, sau uku, na farko a tsaye, na biyu a kwance, kana gogewa da lallausar samfefa tsakani. Ɗalibai da dama na haɗa fentin bango da farin gam na kafintoci a madadin jeso don sauƙi. Ya isa aikin gwaji, amma yana shanye mai, launi ya dushe, kuma yakan tsage in an naɗe. Kada mai ya taɓa ɗanyen yadi, yana ruɓar da zaren. Shafin fenti na ƙasa ya zama siriri mai ƙarancin mai, na sama ya fi shi mai. In aka juya, saman zai riga ƙasan bushewa ya farfashe. Fentin mai yana zama a kan akirilik, wato fentin da ake sirkawa da ruwa, akirilik kuwa ɓarewa yake a kan mai.

Da hunturu, jingina ɗanyen zane fuskarsa na kallon bango, samansa kaɗai ke taɓawa, saboda ƙura. Da damina ɗora komai a kan bulo don laima da gara. Tsumman da ya sha man linsid, wato man da ake sirka fenti da shi, kada a dunƙule shi a kwando, yana iya kama wuta da kansa; shanya shi a waje ko ka tsoma a gwangwanin ruwa.

Ware awa uku kullum a lokaci guda, ko da wanke buroshi kawai za ka yi. Duk zanen da ya kammala, ɗauki hotonsa a inuwa, waya tana fuskantarsa sak, ka rubuta a littafi suna, shekara, kayan da aka yi amfani da su, tsawo sannan faɗi, da abin da ka kashe. Daga wannan littafi za ka yanke farashi ran da wani Alhaji ya tsaya ya ce nawa. Ranar ratayewa kuma, tsakiyar kowane zane ya kasance santimita 150 daga ƙasa.