Yadda za ka tsara karatu da barci idan semista ta yi zafi

Akwai wani lokaci a tsakiyar semista da komai yake haɗe maka lokaci guda, lakca tun safe har yamma, asamen uku sun taru, malami ya sa tes ranar Litinin kai kuma ko handawut ɗin ba ka buɗe ba, ga shi in an kira daga gida sai a ce wai lafiya muryarka ta canza. Na sha shiga wannan halin, kuma kullum abin da nake fara yankewa shi ne barci tunda shi ne ba mai tambayata ina yake. A nan ɗalibai da yawa muke cutar kanmu wallahi, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda na gyara nawa.

Ka fara tsayar da lokacin kwanciya tukuna, sannan ka jera karatu a sauran awannin. Masana barci sun ce baligi yana buƙatar awa 7 zuwa 9, ɗan shekara 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. A cikin barcin ne ƙwaƙwalwa take ɗaukar abin da ka karanta da rana ta adana shi inda zai daɗe, wanda ya kwana kan littafi har gari ya waye kamar mai ɗiban ruwa da kwando ne, ya sha wuya amma abin da ya rage kaɗan ne. A shekarar 2000 masu bincike biyu, Williamson da Feyer, sun nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 zuwa 19 idonsa biyu, saurin tunaninsa da natsuwarsa suna raguwa kamar na wanda giya ta fara taɓawa. To ka duba fa, da irin wannan kan ne mutum zai shiga ɗakin jarrabawa.

Maganar kofi da lemukan ƙara kuzari kuma, ba cewa na yi haramun ba ne, amma sinadarin kafeyin da ke ciki ba ya kawar da gajiya, toshe saƙonta kawai yake yi kar ya isa ƙwaƙwalwa, kuma bayan kamar awa 5 rabinsa yana nan a jikinka. In ka sha ƙarfe shida na yamma, sha ɗaya na dare kana ta juyi a katifa. Ka tsaya da shi tun azahar. In gajiya ta kama ka da rana ka sa alam ka kwanta minti 20, kar ka wuce haka sosai don in ka nutsa za ka tashi jiki duk a mace.

Na san abin da za ka ce, to in na yi barci awa bakwai ina zan samu lokacin karatun? Daga salon karatun za ka samo shi. Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya buga bincikensa a 1885, shi kansa ya yi gwajin a kai, yana haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana auna yadda suke zubewa, sai ya ga mantuwa ta fi sauri a awannin farko da ranar farko, daga nan take lafawa. Don haka lakcar yau ka waiwaye ta yau, ko minti 15 ne kafin ka kwanta, ka sake bayan kwana biyu ko uku, ka sake bayan mako. Wannan ɗan bitar ya fi maka awa shida na daren jarrabawa.

Kuma bitar ba wai ka sake bin layi da ido kana shafa masa kala ba. Rufe littafin, ɗauki farar takarda, rubuta duk abin da ka tuna, sannan ka buɗe ka ga inda ka yi giɓi. Akwai ɗaci a farko, don za ka ga abin da kake ji ka iya ashe ba ka iya ba. Wasu masu bincike, Roediger da Karpicke, sun gwada wannan a kan ɗalibai a Amurka a 2006, abin da ya fi burge ni a ciki shi ne bayan minti 5 masu maimaita karantawa ne suka fi tunawa, amma bayan mako guda masu gwada kansu suka wuce su. Wato maimaita karantawa yana ba ka daɗin cewa ka gane, sai ranar jarrabawa ka nemi abin ka rasa. Tsofaffin tambayoyin jarrabawa suna wannan aikin, haka in ka samu aboki ka yi masa bayani da bakinka kamar kai ne malamin.

Zaman karatun ma a gutsuttsura shi. Wani ɗalibin jami'a ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya fito da tsarin Pomodoro a ƙarshen shekarun 1980, minti 25 kana aiki ɗaya tak, hutun minti 5, in ka yi sau huɗu ka ɗan yi dogon hutu. Ni dai in darasin lissafi nake karantawa, minti 25 ɗin yana min kaɗan, sai na fara shiga ciki lokaci ya cika, don haka nake yin 45, kai ma ka gwada ka ga naka. Amma waya kam ta shiga jaka, kifa ta a kan tebur ba ya isa, hannu da kansa yake zuwa.

In dare ya yi tunanin ayyuka ya hana ka runtsawa, tashi ka zube su duka a takarda, ka zagaye uku da za ka yi gobe, sauran su jira.

Sai kuma ƙananan abubuwan nan masu sanyaya rai, don Allah kar ka ɗauke su ɓata lokaci. Hirar da ake yi a hanya bayan an fito lakca, dariyar ɗaki da daddare, ranar da lissafin da ya yi kwana uku yana ba ka wuya ya warware, saƙon da ya shigo cewa an ɗage lakcar safe, muryar mama a waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, tafiya da ɗan sauri ta minti 30 sau biyar ke nan, ka ja abokinka ku zaga kuna hira, ka samu biyu a ɗaya.

Abu ɗaya da ba na so ka yi wasa da shi, in ka ga gajiyar ba ta tafiya ko ka yi barci, komai ya fita ranka har abin da kake so da, kana gudun mutane, cin abincinka ya canza, kuma an kai mako biyu a haka, to wannan ya wuce a gyara shi da jadawali. Ka faɗa wa wani da ka yarda da shi yau ɗin nan, ka je asibitin makaranta ko wurin mai ba ɗalibai shawara, in kana jin nauyin zuwa kai kaɗai ka ce abokinka ya raka ka.