Yadda ake bin sawun jaka ɗaya da aka zuba a cacar ƙwallo

Rumfata tana bakin titi a Yelwa, nan Garwa. Sana'ata sa kuɗi a waya da cire su, shi ya sa duk Asabar da hantsi nakan san su wa za su zo: 'yan moto, yaran kanikawa, wani lokaci har magidanta da furfura a gemu. Wannan ya ce a sa masa sefa 500, wancan jaka ɗaya, wato sefa 1000. Ba na tambaya, amma ina ganin inda yatsa ke nufa tun kafin su bar bakin rumfa.

Ɗan ƙanwata yana cikinsu. Da na yi masa magana sai ya ce, "Kawu, ai gwamnati ta yarda, haraji ake biya. A Amurka ma da kuɗin ake gina makarantu." Hukuncin caca a addini ya san shi, aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida ba baƙuwarsa ba ce, to ban sake ja masa ita ba. Bayan takardar rasit na juya na ɗauki biro. Ga yadda muka yi, in kana da irinsa a gida.

Fara da lambar da ke gaban kowace ƙungiya, wadda suke ce wa kot. Nemi wasan da zaɓinsa biyu ne kawai, kamar za a ci ƙwallo uku ko ba za a kai ba, kowane ɓangare 1.90. Ka ce masa kai ka sa jaka a wannan gefe, shi ya sa jaka a wancan. Nawa aka tara? 2000. Wanda ya ci nawa zai karɓa? 1900. To ina 100? Kada ka ba shi amsa, bar shi ya faɗa da bakinsa. Wannan ɗarin, wato biyar cikin ɗari na abin da aka tara, ita ce abincin kamfani, ko wa ya ci ko wa ya faɗi. Idan wasan mai zaɓi uku ne, gida ko canjaras ko baƙi, raba 1 da kowace lamba ka haɗa. Misali 2.10 da 3.20 da 3.30 za su ba ka wajen 1.09. Duk abin da ya haura 1, ladan mai rumfar caca ne.

Biyar cikin ɗari ba ta tsorata yaro, zai ce ai ko dillalin albasa ya fi haka ci. Nan ne za ka karɓi tikitinsa na gaskiya, don babu ɗan moton da ke buga wasa ɗaya. Kombine suke yi, wasa goma a jere, su sa kaɗan su yi mafarkin sabon babur. Ninka 1.90 da kanta sau goma a wayarka, za ka ga 613 da 'yan kai. Wato jaka ɗaya za ta haifi 613,000, kuma wannan adadin ne ke hana su barci. Amma wasa goma masu fuska biyu suna iya ƙarewa ta hanya 1024, ɗaya ce tak take taka. Sai ka ce masa ya ƙaddara mutum 1024 sun cika wani ɓangare na filin Rumde Ajiya, kowa da jakarsa, kowa da tikiti daban. An tara 1,024,000. An miƙa wa mutum guda 613,000, an yi masa hoto yana dariya. Saura 411,000 ba wanda ya yi musu hoto. Biyar cikin ɗari ta koma arba'in ba tare da an canja ko lamba ɗaya a allo ba. Ni kaina da na fara yin wannan lissafi sai da na maimaita sau biyu, na ɗauka wayar ce ta yi ƙarya.

Yanzu sai ka shigo da gwamnati, tunda ita ya kawo hujja. Maganarsa kan Amurka tana da ƙamshin gaskiya, kada ka ƙaryata shi. A 1992 aka kafa dokar tarayya da ta hana yawancin jihohinsu halatta cacar wasanni. Jihar Niyu Jasi ta yi ta shari'a har Kotun Ƙoli ta rushe dokar a watan Mayun 2018, daga nan kowace jiha ta kama gabanta. Niyok ta buɗe cacar waya a Janairun 2022, tana karɓar kashi 51 cikin 100, kuma mafi yawansa ilimi ake cewa ya tafi. Nebada, inda Las Vegas take, 6.75 kacal take karɓa. Yuta da Hawayi sun ce ba da su ba, har yau.

Tambayar da za ka dasa masa ita ce, kashi 51 na mene ne? Ba na kuɗin da aka zuba ba ne. Na abin da ya rage a hannun kamfani ne bayan an biya waɗanda suka ci. Koma kan ɗarin nan tamu ta farko: a Niyok jiha za ta ɗauki 51, a Nebada ba za ta kai 7 ba. Ma'ana ta wannan haraji baitulmali ba ta samun ko sisi sai ɗan caca ya yi asara, kuma ranar da 'yan kombine suka fi kuka ita ce ranar da haraji ya fi kauri. Gwamnati abokiyar cinikin mai rumfar caca ce, ba ta mai tikiti ba.

Tambola kuwa, wato cacar da ake sayen tikiti a jira a zaro lambobi, ta fi sauƙin ganewa, don a can jihar ce da kanta take sayar da tikitin. Jojiya ta buɗe tata a 1993 tana biya wa ɗalibai kuɗin jami'a da ribar, wannan gaskiya ne. Amma a babbar tambolarsu Powerball, damar cin babban rabo ɗaya ce cikin miliyan 292. Kuma a ganina akwai wayo a batun "kuɗin makaranta": idan caca ta kawo wa ilimi goma, me zai hana masu kasafi su janye goman da suka saba bayarwa su kai wani wuri? Ko uwar gida ta san haka, in ɗanta ya fara kawo kuɗin cefane sai maigida ya rage nasa.

Mu nan Kamaru ba jiha-jiha ba ne, doka ɗaya ce daga Yawunde, ta 16 ga Yulin 2015, kuma da lasisi ake buɗe gidan caca. Tun kafin waya iyayen waɗannan yara suna cika takardar kamfanin caca na PMUC kan dawakin da ke tsere a Faransa, dawakin da ba su taɓa jin haniniyarsu ba. Abin da na sani da hannuna shi ne harajin tura kuɗi ta waya da cire su da aka fara a Janairun 2022, a lokacin 0.2 cikin 100, wato sefa 2 a kan jaka. Wannan ko caca ka yi ko kuɗin magani ka tura wa tsohuwa a Marwa, sai an cire.

Abu na ƙarshe, buɗe masa tarihin wayarsa na wata uku. Shafi biyu za ka ja a takarda, abin da ya shiga caca da abin da ya fito. Shi zai riƙa karantowa kai kana rubutawa, don in kai ka karanta zai ce ka tsallake ranar da ya ci. Na ɗan ƙanwata ya tashi 47,000 shiga, 19,500 fita. Ya daɗe yana kallon takardar, ya ce, "Kawu, wannan ai kuɗin taya ne gaba da baya." Ya ninke ta ya sa a aljihun riga.

Asabar ta gaba ya zo, ya ce a sa masa 500. Na sa masa.