Masu zuwa Marwa ta Kamaru yin digiri na biyu (mastar) kan "tolerans", ku karanta kafin ku hau mota

Bana ma an sake. Yara uku daga Njamena sun sauka ɗakina cikin wata guda, kowa da ledarsa cike da takardu, kowa kuma ɗauke da irin kuskuren da na tafka lokacin da na zo, har na fara tunanin ko gado ne. To ƙannena ga shi na rubuta, wanda ya ji ya huta, wanda bai ji ba mu haɗu a bakin ofis yana fifita da dosiye.

Hanya ba wani abu ba ce. Ka tsallaka gadar Ngeli ka shiga Kusuri, ka kama motar da ke bi ta Waza da Mora, ka fito da sassafe, katinka ya zauna a aljihun gaba don shingaye da yawa. Sefa ɗaya ce da ta gida. Ka koyi gaisuwa da Fulatanci, nan shi ne harshen kasuwa da na ɗan kilando. Shi ke nan.

Takardu ne suka kusa kashe ni. A takardar haihuwata an rubuta Mahamat, a ta bak (jarrabawar gama sakandare) Mahamad, a ta lisansi (digirin farko) kuma wani mai buga na'ura ya ga dama ya sa Mouhamat, ni duk tsawon shekarun nan ban taɓa lura ba don ba wanda ya taɓa jera su uku kan tebur ɗaya. Matar da ta karɓi dosiyena ta jera su, ta ɗora biro kan kowane suna, ta ce cikin ukun nan wanne ne kai. Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Sai da na koma Njamena sau biyu a tsakiyar damina, karo na farko na dawo da kwafi marar tambur aka ce ba a san wannan ba, karo na biyu mai sa hannu ya tafi ta'aziyya ƙauye na kwana tara ina zarya, kuɗin da babana ya ba ni na hayar wata huɗu ya narke a mota da hoto da tambur, kuma ina jin kunyar in faɗa masa. Abin da ya cece ni takarda ce guda, sartifika dandibidiwalite, wato shaidar cewa duk sunayen nan na mutum ɗaya ne. Ku yi ta tun a gida. Ku duba ranar haihuwa ma, masu "an haife shi wajajen shekara kaza" ku ne kan gaba a wahala. Kowace takarda kwafi biyar da hatimi, ta asali kuma kar ka bar ta hannun kowa ko da ya rantse da kabarin kakansa.

Ɗaya daga yaran bana da na gaya masa haka sai ya ce min yaya ai Allah na nan. Allah na nan mana, amma bai ce ka zo da suna uku ba.

Ɗaki kuma, kar ka ba da kuɗin wata shida ba rasit. Mai gidana na farko mutumin kirki ne a baki, kullum "ɗana, gidan nan naka ne", sai da na fara kunna fitila ina karatu har ƙarfe biyu ya zo ya ce kuɗin kuran ya ninka, baƙi ba sa wuce isha, ranar da na yi gardama ya tuna min cewa haƙuri yake yi da ni. Da ba don dattawanmu Hausawa na kasuwa ba da titi zan kwana. Wani tela da ban taɓa gani ba ya ba ni tabarma a shagonsa sati uku, ko sunan unguwarmu bai gama ji ba. Wannan kam mutanenmu ba su da na biyu, ku je ku gaishe su tun ranar farko, kar ku bari sai ta ɓaci.

Maganar mai gidan nan ce ma ta buɗe min karatun. Yawancinku kuna zuwa da zaton tolerans shi ne zaman lafiya ko son juna, sai ku rubuto shafi goma na wa'azi, malami ya ja jan biro ya ce ina matsalar. A falsafar siyasa ba ka yin tolerans da abin da kake so. Sai abu ya dame ka, kana da halin hana shi, amma kana da dalilin da ya fi ƙarfi na ƙyale shi, kuma akwai iyakar da in an wuce ka daina. Rainer Forst, Bajamushen nan na Farankifot, ya kasa abin gida huɗu a littafinsa na 2003, na farko shi ne izinin mai iko: na bar ka, amma ka san matsayinka, kuma ran da na ga dama na janye. Mai gidana ke nan sak. Haka dokar Nant ta 1598 take, sarkin Faransa ya bar Furotesta su yi ibadarsu, a 1685 Luwi na 14 ya soke ta, mutane suka watse. Pierre Bayle, masanin falsafa Bafaranshe, yana gudun hijira a Rotadam ta Holan ya fitar da nasa littafin kan tolerans a 1686, bayan ɗan'uwansa ya mutu a kurkuku. John Locke, masanin falsafa na Ingila, ma a Holan ya rubuta wasiƙarsa kan tolerans da Latin, ta fito 1689, kuma ku lura, shi da ake ta yabo bai yarda a ƙyale wanda bai yi imani da Allah ba. A irin wannan wurin ake samun abin rubuta memwar, wato kundin kammala mastar. Wanda ya zo da "la ikraha fid-din" da yarjejeniyar Madina madalla, amma malami zai tambaye ka cikin kashi huɗun nan ina suka faɗa, izini ne daga sama ko girmamawa tsakanin tsara, kuma ba ya karɓar fushi a matsayin amsa.

Faransancinku ma ku gyara shi, na Bayle tsoho ne mai jimla kamar igiyar rijiya. Littattafan ba sa wadatuwa, muna tura wa juna ta WhatsApp, don haka ka zo da waya mai wuri.

Ni har yau ban samo kalmar Hausa da ta zauna daidai ba. Haƙuri ya yi kama da na wanda ba shi da yadda zai yi, juriya ta yi kama da ciwo, kawaici ya fi kusa amma akwai kunya a ciki. A babi na biyu na sa kawaici, malamina ya zagaye ta ya sa alamar tambaya, ranar Talata zan koma in kare ta.