Yadda Ɗan Ci-rani Zai Karanta Hasashen Igiyar Ruwa Kafin Ya Shiga Teku

Masuncin da ya tashi a bakin madatsar ruwa ta Tiga, ko a fadamun Haɗeja, ya san cewa idan hadari ya haɗu a gabas, iska da igiyar ruwa tare suke isowa, kuma da zarar iskar ta lafa ruwan zai kwanta. Wannan sani daidai ne a tafki, amma yana iya yaudarar matashin da ya bar ƙauye bayan kaka ya samu aikin kwale-kwale a Legas ko Badagiri, domin a can ana iya wayar gari sama garau, babu ko iskar da za ta kaɗa ganye, alhali teku tana tumbatsa.

Abubuwa uku ne ke gina igiya: ƙarfin iska, daɗewar da ta yi tana kaɗawa, da faɗin ruwan da ta ratsa. A Tiga iska ba ta yin nisa sai ta ci karo da tudu. A kudancin tekun Atlantika kuwa, tsakanin digiri 40 da 60 kudu da layin da ya raba duniya gida biyu, iskar yamma tana kaɗawa kwana da kwanaki ba tare da wata ƙasa ta tare ta ba. Igiyoyin da take tayarwa suna baro wurin su nufo arewa, suna cin wajen kilomita 900 a rana, har su iso gaɓar Afirka ta Yamma bayan guguwar da ta haife su ta daɗe da mutuwa.

Saboda haka, fara da sanin lokacin shekara. Daga Yuni zuwa Satumba, sa'ad da ake tsakiyar damina a Kano da Jigawa, sanyi ake yi a kudancin duniya kuma guguwar can ta fi ƙarfi. A lokacin ne kuma iskar kudu maso yamma, wadda ke kawo mana ruwan shuka, take ƙara dagula teku. Da hunturu tekun ta fi kwanciya.

Daga nan sai ka buɗe hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, ko manhaja irin Windy, ka nemi lambobi uku. Na farko tsayin igiya ne da mita. Kada ka ɗauka shi ne iyaka, domin matsakaici ne na kashi ɗaya cikin uku na igiyoyin da suka fi tsayi, kuma ana iya gamuwa da guda wadda ta kusa ninka shi. Idan an rubuta mita ɗaya da rabi, ka shirya wa ta kusan mita uku.

Na biyu shi ne tazarar da ke tsakanin igiya da igiya, da daƙiƙa, kuma a ganina ita ce lambar da baƙo ya fi yi wa riƙon sakainar kashi. Tazarar da ba ta kai daƙiƙa 8 ba alama ce ta igiyar da iskar kusa ta tayar, irin wadda ka saba da ita a gida. Daƙiƙa 12 zuwa sama tana nuna igiyar nesa, wadda tsawonta daga tozo zuwa tozo ya haura mita 200. A ruwa mai zurfi ba ta da ban tsoro, sai ta iso inda ƙasa ta taso, musamman bakin kogi, sannan ta miƙe ta karye da nauyin da ke kifar da kwale-kwale. Kana iya auna ta da kanka: tsaya a gaɓa da agogon wayarka, ka ƙirga daƙiƙun da igiya goma za su ɗauka suna bin juna, ka raba da goma. Na uku shi ne ɓangaren da igiyar take fitowa, wanda a gaɓar Legas galibi kudu ce ko kudu maso yamma.

Sai kuma batun iyakar hasashen. An fara wannan lissafi ne a lokacin yaƙin duniya na biyu, sa'ad da Harald Sverdrup da Walter Munk suka tsara hanyar sanin igiya domin sauke sojoji a gaɓa, yau kuwa kwamfuta ce ke yin sa daga hasashen iska, don haka kuskuren iska kuskuren igiya ne. Hasashen kwana biyu zuwa uku abin dogaro ne, amma wanda ya wuce mako ɗaya kada ka ɗora tafiya a kansa. Manyan sauye-sauyen yanayi, kamar ɗumamar ruwan tekun Fasifik da ake kira El Nino, ko matsawar iskar yamman nan zuwa kudu ko arewa, suna nuna ko shekarar za ta yi yawan igiya ne kawai, ba sa faɗin abin da zai faru ran Talata.

Duba hasashen da magariba, ka sake dubawa bayan sallar asuba, sannan ka yi ƙirgarka a gaɓa. Idan wayar ta ce daƙiƙa 8 amma kai ka ƙirga 14, ka sanar da mai jirgi kafin a tura shi ruwa, kuma ka ɗaura rigar kariya tun kana kan yashi.