Yadda na raba wakenmu da ƙwari

Bara waken da muka noma a gonarmu ta bayan Daura bai kai azumi ba. Uwargida ta kwance buhu, sai gari da ƙwari, kowace ƙwaya da huda. Ran nan da kuɗinmu muka auno wake a kasuwar Mai'adua, abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Ban son zuba maganin ƙwari a abin da yara za su ci. Bana sai na sayi tsofaffin jarkokin man gyaɗa masu lita 25, aka wanke su da toka da ruwan zafi, suka bushe sarai. Waken kuma muka shanya shi a tabarma kwana uku, har in ka ciza ƙwaya ta ce ƙas. Nan ne aikin yake, don wake mai danshi ruɓewa zai yi a rufe.

Na cika kowace jarka har wuya ina jijjigawa, na sa leda a baki, na murɗe murfi tam. Iska ta ƙare, ƙwaro da ƙwansa su mutu.

Wata biyar ban buɗe ba. Jiya uwargida ta ce, "Malam, zo ka gani." Fari tas, har ta jiƙa na ƙosai.