Yadda Ake Daidaita Saitin Layin RS-485 a Tsarin Sarrafa Gini

Mitocin wuta, da na'urorin da ke sarrafa gudun famfo, da masu kula da sanyin ɗakuna, galibinsu suna aika bayanai ne ta layin RS-485, wato layin waya da na'urori da yawa ke tarayya a kansa, bisa ƙa'idar sadarwa ta Modbus RTU ko BACnet MS/TP. Irin wannan layi ba ya sassauci, domin idan saitin na'ura ɗaya ya saɓa wa na sauran, ko dai ta yi shiru, ko kuma ta dagula zancen kowa. Saboda haka, kafin a taɓa komai, a rubuta sunan kowace na'ura da adireshinta da saitin da ta zo da shi daga masana'anta.

A fara da waya, tun da babu saitin da zai gyara layin da aka ja ba daidai ba. A yi amfani da wayoyi biyu da aka murɗa tare, a bi da su daga na'ura zuwa na'ura a jere, ba tare da rassa ba, sannan a sanya resista mai ohm 120 a farkon layin da ƙarshensa kaɗai. Tsawon layi kada ya wuce kimanin mita 1200, kuma rigar kariyar wayar a haɗa ta da ƙasa a wuri ɗaya. Akwai wani tarko a nan: kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kan wace waya ce A, wace ce B ba, don haka alamar + da − ta fi zama abin dogaro.

Daga nan sai abubuwa huɗu da dole su zama iri ɗaya a duk layin: gudun aikawa, da yawan bit (wato 0 ko 1) na bayani, da bit na tantance kuskure, da bit na tsayawa. Ƙa'idar Modbus ta ɗauki gudun bit 19200 a daƙiƙa da tantancewar Even da bit na tsayawa ɗaya a matsayin saitin asali, ta kuma ce idan an zaɓi None, wato ba tantancewa, to a sa bit na tsayawa biyu, amma na'urori da yawa suna zuwa ne a kan 9600 da None da bit na tsayawa ɗaya. Wannan saɓani shi ne ya fi ɓata wa masu aiki lokaci. A BACnet MS/TP abin ya fi sauƙi, domin tsarin bit ɗin a kafe yake, gudu kawai ake zaɓa, kuma an fi amfani da 38400 ko 76800. A ganina, gara a zaɓi gudun da na'ura mafi rauni za ta iya ɗauka, domin zafin ɗaki ba abu ne mai sauyawa cikin ƙiftawar ido ba.

Adireshi kuwa akasin haka ne, kowace na'ura da nata. A Modbus ana ba da 1 zuwa 247, an ware 0 don saƙon gama-gari. A MS/TP, na'urorin da ke karɓa-karɓar izinin magana suna ɗaukar 0 zuwa 127, kuma ya kamata a jera adireshinsu kusa da juna, a rage Max_Master, wato saitin iyakar adireshin da ake nema, zuwa adireshi mafi girma da ake da shi, don kada layi ya riƙa neman na'urorin da babu su. Ban da wannan, kowace na'urar BACnet tana da lambar shaida wadda bai halatta a maimaita ta ko'ina a tsarin ginin ba. Na'urori da yawa ba sa karanta ƙananan maɓallan DIP, waɗanda ake saita adireshi da su, sai lokacin kunnawa, saboda haka a kashe a sake kunnawa bayan kowane sauyi.

Wajen gwaji, a haɗa kwamfuta da na'ura ɗaya tak ta adaftar USB zuwa RS-485, a karanta rajista guda, wato gurbin da na'ura ke ajiye lamba, wadda aka san ƙimarta. Idan babu amsa sam, a musanya wayoyin biyu, sannan a duba adireshi da gudu, ana sauya abu ɗaya a kowane gwaji. Yawan kuskuren CRC, wato lambar da ke tabbatar da cewa saƙo ya iso lafiya, yana nuni ga resistar ƙarshe, ko hayaniyar wayoyin wuta, ko na'urori biyu masu adireshi ɗaya. Idan kuwa amsa ta zo amma lambar ba ta da ma'ana, a tuna cewa a Modbus, rajista 40001 a takardar na'ura ita ce adireshi 0 a kan waya. Sai na'urar farko ta amsa lafiya za a ƙara ta biyu.